Hannun da Almakashi Ya Bari

A ofishin gasar labaran ban tsoro da na almara ba mai kiranta da sunan yanka. Anti Almakashi ce, tun daga shugaban gasa har mai gadi. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kantin tayoyi, da fanka mai gurnani, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an tokare shi da gwiwa. Nan ta shafe fiye da shekara ashirin tana aiki ɗaya, wato cire sunan marubuci daga jikin labarinsa kafin alƙalai su gani.

Kada ku raina aikin. Marubuta mutane ne masu son a san su, wani sai ya manna sunansa a kowane shafi kamar mai tsoron a sace masa akuya. Ita kuwa tana da tsarinta. Sai ta kifa takardar, ta datse saman daga baya, ta jefa guntun cikin ambulan, ta rubuta lamba ɗaya a kan ambulan da labarin, ta liƙe. Ba ta kallon sunan, don ko a mafarki kada ta yi suɓutar baki. Labarin ma ba ta karantawa. Matar da ke tattara aljanun ƙasa gaba ɗaya cikin kwali, ƙadangare ya faɗo daga rufi sai ta yi salati ta bar takalmi.

Daga hannunta kwalayen ke zuwa wurin masu tankaɗe, su zubar da tsaki, su miƙa wa alƙalai uku abin da ya rage. Doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ɗan uwan ma'aikaci ko na alƙali ba ya cin gasa. Anti ce ma ta fi kowa tsanani. Ta taɓa sa an cire labarin surukin mai gadi, mai gadin ya yi wata ba ya amsa gaisuwarta, ko a jikinta.

Abin da ba a sani ba a ofis shi ne tana da ɗa. Kowa ya ɗauka 'ya'yanta mata biyu ne kaɗai. Babban nata namiji ne, yana tsakiyar karatun likita ya ajiye, wai shi rubutu zai yi. Rubutu! A gaban matar da ta san takalman marubuta, ta san yadda suke kallon farantin baƙi ranar ba da kyauta. Shekarar ba ta ƙare ba ciwon zuciya ya ɗauke mahaifinsa, ita kuma ta ɗora masa mutuwar kacokan. Ta ce masa daga yau ba ta da ɗa. Da ya fita ta sauke hotunan falo ta bi su da almakashi ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su bango.

Bana, ranar zaman ƙarshe na alƙalai, ta shigo da shayi ta tarar ana musu. Farfesa na son wani labarin birnin da ke yawo a bayan kifi. Malamar laburare ta ce ita duk tarin nan labari ɗaya ne ya hana ta shiga falonta ita kaɗai. Tsohon ɗan jarida, alƙali na uku, ya ce a karanta a ji, kamar yadda aka saba kafin jefa ƙuri'a.

Malamar ta gyara tabarau ta fara. Wata uwa ce ta yanke ɗanta daga hotunan gida, duk wanda ta yanke kuwa sai duniya ta manta da shi. Amma a hoton da ke saman talabijin hannun yaron na kan kafaɗarta, ba yadda za ta cire shi ba ta ɓata rigarta ba, sai ta bar shi. Yatsu huɗu, ƙaramin a karkace, saboda ƙofar mota ta taɓa datse shi.

Butar shayi ta karkace a hannun Anti, ruwan ya cika kofin Farfesa ya malala kan tebur.

"Anti, lafiya?" in ji shugaba.

"Lafiya lau. Zafi ne."

Ba zafi ba ne, sanyi ne ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Ita ce ta rufe ƙofar motar nan da hannunta. Hoton yana nan saman talabijin ɗinta, da safen nan ma ta goge masa ƙura. Ta jingina da kabad, malamar kuwa ba ta fasa ba. Kullum uwar ta duba sai ta ga hannun ya matsa kaɗan, daga kafaɗa ya doshi wuya. Ɗan jarida ya shafa nasa wuyan. A shafin ƙarshe hannun ya wuce wuyan bai taɓa shi ba, ya gangara ya kama bakin gyalenta ya riƙe, irin riƙon da yaro ke yi a kasuwa don kada ya ɓata.

Farfesa ya ture labarin kifinsa gefe ya ce, "Na janye." Hannu uku suka tashi.

Shugaba ya ɗauko ambulan mai lambar labarin. Kafin a buɗe akwai tambayar da ake yi duk shekara, wadda ta zama kamar gaisuwa, ana yi ana tattara jakunkuna.

"Akwai wanda ke zaton yana da dangantaka da mai wannan labari?"

Anti ta san abin da ke cikin kyautar: a buga littafin, sunan yaron ya shiga jaridu, wahalar shekarun nan ta zama ba a banza ba. Abin da ake bukata kawai ta yi shiru, ta ci gaba da zama matar da ba ta da ɗa. Ta iya wannan, ta daɗe tana yi. Ba ma wanda ya kalli inda take, shugaba har ya sa farce a bakin ambulan.

"Ɗana ne," in ji Anti.

Farfesa ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Da ya ga fuskarta dariyar ta maƙale.

"Anti, yaushe kika yi ɗa namiji?" in ji shugaba.

"Shi na fara haifa."

Malamar laburare ta dafe ƙirji. "Innalillahi! To uwar da ke cikin..." Ba ta ƙarasa ba, ta sunkuyar da kai.

Ɗan jarida ya fara lalubo hanya, wai ai ba ta karanta ba, ba ta jefa ƙuri'a ba. Anti ta girgiza kai. Surukin mai gadi ma, ai mai gadin bai karanta labarinsa ba. Haka birnin kan kifi ya ci gasar bana, Farfesa kansa bai ji daɗin nasarar ba.

Sanar da wanda aka cire aikin Anti ne. Shugaba ya ce zai karɓar mata, ta ƙi. Ta buɗe ambulan, sai yanzu ta karanta guntun da ta yanke, ta fita ta zauna kan matattakala, warin tayoyi na tasowa daga ƙasa. Ta kira lambar wayar da ke jikin guntun.

"Salamu alaikum, daga ofishin gasa ne," ta ce, da muryar aiki. Muryar aikin ba ta daɗe ba. "Labarinka ne ya zo na ɗaya. Na sa an cire shi."

Ta duba ko wayar ta katse, sai ta ji muryarsa.

"Me kika ce musu, Umma?"

"Ka san doka kuwa? Ka san abin da na jawo maka?"

"Na sani. Ita na fara karantawa kafin in aiko. Me kika ce musu?"

Sai a lokacin ta gane ba kyautar yake nema ba, ganewar ta fi labarin kaɗa ta. Ta damƙe bakin gyalenta.

"Na ce ɗana ne."

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa."

Ta ji ya ja numfashi, irin jan da yake yi yana ƙarami in kuka ya zo ƙarewa.

"To in zo gida?" ya ce.