Tarin da Ban Fassara Ba

Mahaifina ya tsufa yana sayar da goro a unguwar New Bell, amma Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Da za a yi masa aikin ƙaba, ni aka sa tafinta, tunda ni ce 'yar boko mai aikin ofis. Sau biyu ana ɗage aikin, sau biyu ina zubar da kai wajen shugabana neman hutu. Na gaji. Haushin Baba nake ji kamar shi ya gayyato ciwon.

Da safen ranar, mai allurar barci, wani siriri mai shegen tambaya, ya ce in tambayi Baba ko yana mura ko tari.

"Kwana huɗu ina tari," in ji Baba. "In na kwanta ƙirjina har fito yake. Gaya mishi kafin operasiyon."

Na san ina faɗa za a sake ɗagewa. Na dubi mutumin, na ce da Faransanci lafiyarsa ƙalau. Baba ya gyaɗa kai, yana alfahari 'yarsa na magana da likita.

Aikin ya tafi daidai. Wajen cire bututun numfashin da aka sa wa Baba ne maƙogwaronsa ya ɗame ya rufe ruf, iska ba shiga ba fita. Wata nas ta ce leɓɓansa har sun yi baƙi. Sai da mai allurar barcin ya tallabe haɓarsa, ya tura masa iska da ƙarfi, ya ƙara allura, ya mayar da bututun, sannan Baba ya samu kansa.

Mutumin ya fito jiƙe da gumi, ya tambaye ni a hankali ko na tabbata babu tari. Yayyena na tsaye a wurin suna ji. Tsoro ya kama ni, sai na ɗaga murya: ya kusa kashe mana uba, yanzu yana neman wanda zai shafa wa. Har takardar ƙara na rubuta a kansa, da Faransanci mai kyau.

Bayan sallama, Baba ya jira ɗaki ya watse. Muryarsa a dushe ya ce, "Uwata, ai na ce miki ina tari ko?"

"Ba ka ce komai ba, Baba. Allurar ce ta juya maka kai."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"To laifina ne. Na wahalar da ke, ki yafe mini."

Na ce na yafe.