Dattijon da Ya Faɗi Kafin Tsere

Rana ta take tsaka a filin da ke bayan tashar jirgin Agege, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Ana wasannin ma'aikata, samari bakwai sun jeru don tseren yadi ɗari. Na takwas ɗinsu dattijo ne mai furfura a gemu, sanye da gajeren wandon soja da ya koɗe. Ya tuɓe takalmansa ya jera su daidai wa daida, kamar za a zo dubawa. Gumi na bin wani dogon tabo a ƙaurinsa.

"Baba, ka bar wa samari mana," in ji mai kunun da ke kusa da ni.

"Na yi gudun da ya fi wannan, 'yata," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Bature ya ɗaga 'yar bindiga ya harba. Samari suka zabura. Shi kuwa dattijon ya zube rub da ciki, ya rufe kai da hannuwa.

Fili ya kaure da dariya, Baturen har da riƙe ciki. Ni abin bai ba ni dariya ba. Ina zaton a yaƙin Bama wani Bature irin wannan ne ya koya masa faɗuwar nan, kuma ita ta dawo da shi da rai.

Dattijon ya miƙe, ƙasa a gemunsa, ya ruga shi kaɗai yana haki. Kafin ya isa, har an naɗe igiyar ƙarshen tsere.