Alƙaluma Bakwai a Cikin Littafin Malam

Mijina yana da littattafai gafaka goma sha ɗaya, rataye a shigifar da ke tsakanin zaure da cikin gida. A Illela ta wancan lokaci, kafin Turawa su ja iyaka tsakaninmu da Kwanni, babu gidan da ya kai namu takardu. Dukiya kam ba mu da ita. Gonar gero ɗaya, 'yan awaki, sai littattafan nan da ya gada wajen mahaifinsa, ya ƙara da waɗanda ya kwafa da hannunsa a Sakkwato.

Littafin zamaninmu ba a ɗinke yake ba. Warƙa-warƙa ne, a jera tsakanin fata biyu, a ɗaure, a sa cikin gafaka. Don kada su rikice, mai rubutu yakan sa kalma ɗaya a ƙasan kowace warƙa, wadda da ita ta gaba za ta fara. Ni karatuna bai yi nisa ba. Na yi sauka a gidanmu, na iya ajami, shi ke nan. Amma bin kalmar nan ido yake so da haƙuri, don haka da idon mijin nawa, Malam, ya fara rauni, ni na koma mai jera masa takardu.

Malam ba ya hana aro, sai dai ba ya ba da littafi ɗungurungum. Ɗalibi ya faɗi babin da yake so, a zare masa warƙa uku ko huɗu, shi kuma ya ajiye alƙalaminsa a gurbinsu, a rufe littafin da shi a ciki. Ran da ya dawo da takardu ya karɓi abinsa. Ba a rubuta sunan kowa. Ɗaliban manyan mutane ne, magidanta, ni kuwa ina cikin gida, ban san fuskokinsu ba. Alƙalumansu na sani. Kowa da irin fiƙarsa. Malam yakan ɗaga ɗaya ya nuna mini yana dariya.

"Dibi wanga. Na mutumin Lafani na, mai cizo. In mas'ala ta yi mishi tsauri sai shi huce kan alƙalami."

Na mutumin Darna siriri ne, mai tsafta kamar ba a taɓa tsoma shi a tawada ba. Na mutumin Amarawa kuwa na karan dawa ne mai kauri, bakinsa a karkace, don bahago ne.

Kowace shekara, bayan an kai amfanin gona gida, wani babban malami yakan zo daga Sakkwato ya sauka gidanmu kwana bakwai. Ɗalibai su karanta a gabansa, ya yi musu tambayoyi, wanda ya gamsar da shi ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da littafin. Wata guda kafin zuwansa ba na hutawa. Tawadar bagaruwa da nake dafawa sau ɗaya a mako ta koma ta kullum. Babban littafin fikihu yakan kumbura da alƙaluma har igiyarsa ta kasa zagaye shi. Ina daka a tsakar gida ina jin su ta bayan zana.

"Kai mutumin Darna, warƙan nan kwananta ukku hannunka. Karatu kake, ko kwanci kake mata awa kaza?"

"Bari ta ƙyanƙyashe in ba ka tsako guda."

In baƙon ya tafi, sanyi ya shigo, sai a ba su hutun wata biyu, kowa ya koma garinsu. Mai son aro ya tafi da warƙa, ya bar alƙalami. Wannan ne lokacin da na fi so. Gida ya yi shiru, mu fito da littattafan gafaka ɗaya-ɗaya mu shanya a tabarma saboda gara, mu danne kowace warƙa da tsakuwa. Ni ina korar awaki, shi yana zaune a hantsi da ƙoƙon kununsa, yana karanta mini abin da idonsa ya faɗa a kai, ko na gane ko ban gane ba. Shekara ashirin da wani abu muka yi haka.

A shekarar da nake magana, ɗalibai sun tafi da kwana tara zazzaɓi ya kama shi. Kwanan Malam uku a kwance, ya rasu. Ba mu kai ga shanya ko gafaka ɗaya ba.

Ƙanensa magatakardan wani alƙali ne a Sakkwato. Tun ina amarya muke wasan ƙanen miji da shi. Ba ya shigowa gidan bai ce da ni "matata" ba, ni kuma in ce ya je ya koyi noma tukuna. Da ya zo ta'aziyya, wasan nan ya mutu. Ranar sadakar bakwai ya tsaya a ƙofar shigifa, ina bayan asabari, ya yi mini magana kamar baƙo.

Ya ce ya buɗe babban littafin fikihu ya tarar da giɓi bakwai, da kara a kowane giɓi. Ya ce 'ya'yanmu biyu mata suna gidajen mazansu, babu malami a gidan, kuma aro yana cin littafi. Zai kwashe su duka ya kai Sakkwato, inda za a sa su cikin akwati. Na san ba kwaɗayi ba ne, tsoro yake ji kada abin ubansa ya watse. Amma in gafakun nan suka fita, ɗalibai ba za su dawo ba, zauren zai rufe, ni kuma in zauna da bango.

Na ce, "In littahin ya cika kahin in hita takaba hwa?"

Ya ce, "Kin san inda suke?"

"Na san alƙaluman."

"To. In ya cika na bar su nan, har da rabona. In bai cika ba, kada ki ga laihina."

Mai takaba ba ta fita. Amma ina da maƙwabciya, wata tsohuwa mai daddawa da ke cin kasuwannin ƙauyuka. Na zare alƙaluma shida, na sa zare a gurbin kowanne, na gaya mata garin kowa da unguwarsa.

"Mi za ni ce musu?"

"Kada ki ce komi, Iya. Miƙa mishi ɗai."

"Oh ni! Ko baƙi guda ban sani ba, yau ga ni manzon malamai."

Ba ta ce komai ɗin ba, kuma babu wanda ya tambaye ta. Mutumin Amarawa a ranar ya biyo ta da warƙoƙinsa. Na Darna ya zo washegari. Akwai wanda ke gaba da Kwanni, shi ya fi daɗewa, sai da ya yi mako uku ya iso da nasa a naɗe cikin rawani. Kowa ya yi sallama daga zaure, ya yi gaisuwa, Iya ta shigo da takardu. In zauna in bi kalmar ƙasa, in ga ta haɗu da ta gaba, in cire zaren. Duk giɓin da ya rufe, ranar nakan ci abinci da daɗi.

Alƙalami na bakwai ban ba Iya ba, don babu inda za ta kai shi. Na san shi tun ranar farko. Gajere ne, ya sha fiƙa har ya kusa ƙarewa, gefensa ya lotsa inda babban yatsa ke zama. Na Malam ne. Ko shi da kansa in ya zare warƙa sai ya ajiye alƙalami, yana cewa doka ba ta san mai gida ba. Warƙa huɗu ne na babin zakka. Na duba gafaka goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, na duba ƙarƙashin shimfiɗarsa, aljihun rigunansa, har rumbu. Babu.

Saura kwana ashirin in fita takaba ɗalibai suka dawo, wata biyu bayan cikar hutunsu, ko da yake babu mai karantar da su. Na sa aka tambaye su. Mutumin Lafani ya matso bakin asabari.

"Inna, na tuna. Da kaka, manoma sun dame shi da tambayar zakkar hatsi, yat tahi da su gona. Bari in duba bukka."

Ya je ya dawo kafin azahar. Ya same su a soke cikin jinkar bukka, a naɗe da tsumma. Gara ta riga shi. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Iya ta kawo mini, na zuba a ƙoƙo na rufe. Ranar ban hura wuta ba.

Da safe mutumin Lafani ya sake sallama.

"Inna, babin ga ai duk mun kwahe shi bana, don baƙo na son tambaya cikinshi. Mu biyar muna da shi."

Suka kawo. Safiya uku suka yi a zaure, ɗaya yana karantawa, huɗu suna bi da yatsa a nasu. Inda suka saɓa su tsaya su yi gardama, har na ji mutumin Darna yana ce wa bahagon Amarawa rubutunsa kamar kaji sun yi tono. Da suka daidaita, mutumin Darna ya rubuta, don shi ya fi su hannu. Ni na dafa tawadar. Abu ɗaya na roƙa, ya sa kalmar ƙasa a warƙar ƙarshe yadda za ta haɗu da hannun Malam. Ta haɗu.

Ƙanen mijina ya zo kwana biyu bayan na yi wankan fita. Ya zauna a shigifa da littafin, ni ina bakin ƙofa. Aikinsa ne, bai yi gaggawa ba. Warƙa-warƙa ya bi, tun hantsi har rana ta take. Da ya kai babin zakka ya tsaya.

"Wanga ba hannun Yaya ba na."

Na gaya masa gaskiya, tun daga bukka har zaure. Na kawo ƙoƙon na buɗe masa. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki. Sa'an nan ya karanta warƙa huɗun nan a hankali, leɓensa na motsi, ya ci gaba har ƙarshen littafin. Ya jera, ya ɗaure, ya sa a gafaka, ya miƙe ya rataye a ƙusarta.

Mutumin Lafani, wanda ya sami ijaza a shekarar, shi ya zauna a buzun Malam. Ni na ci gaba da riƙon shigifa, da dafa tawada, da shanya in sanyi ya shigo. Gajeren alƙalamin yana cikin ƙoƙon har yau.

Ran da ƙanen mijina zai koma, ya riga ya ɗaura wa jaki kaya, sai ya dawo ƙofar shigifa yana sosa gemu. Ya ce akwai wata mas'ala ta gado da ta tsaya wa alƙalinsu, ko zan ara masa warƙa biyu.

Na ce, "Aje alƙalaminka."

"Haba matata! Ni ma?"

"Kai ma. Wa ya san ka garin nan?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya zaro wani alƙalami mai kyau irin na birni ya miƙo, na sa a gurbin na ɗaure littafin. Kafin ruwan farko ya sauka ya dawo da warƙoƙin da kansa, ya karɓi abinsa.