Laifina Ne, Ranka Ya Daɗe

Eben Tullis mijin ƙanwata ne, kuma tunda nake da shi ban taɓa ganin ya shanye kwanon kunu a zaune ba. Cokali uku, sai ya miƙe ya leƙa taga, wai yana duba inda iska ta juya. Duk mu mutanen Kinlarrie a bakin tekun Sikotland muka tashi, iska ba baƙuwarmu ba ce, amma shi kaɗai take kira da suna.

Ubansa masaƙi ne, ya yi ya yi ya zaunar da shi ya koyi saƙa, abin ya faskara. Filin golf na bayan gari, inda tumaki ke kiwo mata ke shanya, can ya girma yana ɗaukar wa masu hali sandunan da suke buga ƙwallo da su daga rami zuwa rami. Ni kuwa sassaƙa sandunan ce sana'ata, don haka na san hannun kowa a garin, kuma na Eben babu irinsa. Ba ya gwaji, ba ya duban ƙwallo sau biyu. Yana isa yake bugawa, kafin ta sauka ya yi gaba, 'yan kallo na biye da shi suna haki.

Yana da shekara ashirin da huɗu ya cinye gasar ƙwararru ta gaɓarmu, aka ba shi lambar azurfa. Washegari ya koma ɗaukar sanduna, ta ƙofar baya kuma yake karɓo su, don gidan ƙungiyar masu wasan ba na irinmu ba ne. Wannan bai dame shi kamar yadda ya dame ni ba. Shi abin da ke cin ransa shi ne ya kwana uku yana kallon rami ɗaya.

Daga nan yawo ya kankama. Yau an kira shi kudu ya kara da wani gwani, gobe wani attajiri na so a auna masa sabon fili. Ƙanwata Elspet ta bi shi gari shida cikin shekara tara, tukunyarta ba ta taɓa sabawa da murhu ɗaya ba. Sun dawo Kinlarrie da 'yarsu Jessie tana tari, kafin bazara muka binne ta a bayan coci.

A gabana Elspet ta faɗa masa. "Malam, na gama. Ka je duk inda iska ta kai ka, ni ƙafata ba za ta sake barin garin nan ba."

Ya kalle ta, ya kalli ƙofa, ya ce ya ji.

Ana haka tsohon da ke kula da filin ya ajiye aiki. Aikin yana zuwa da albashi da ɗan gida mai ɗaki biyu, kana leƙawa ta tagarsa ka hango coci. Wanda zai zaɓi magaji shi ne Manjo Kerr, shugaban ƙungiya, mutumin da ya shekara talatin yana wasan nan bai ƙaru da komai ba sai tumbi. Ya ce ranar Asabar zai yi wasa da Eben a matsayin abokin bugu, ya ga hankalinsa.

Irin wasan nan ƙwallo ɗaya ce tsakanin mutum biyu, wannan ya buga, wannan ya buga, suna karawa da wasu biyun. Kuma akwai ladabinsa, kowane ɗan garin ya sani. In mai gida ya ɓarar, ƙwararren ne zai cire hula ya ce, "Laifina ne, ranka ya daɗe, ban ajiye maka ita da kyau ba." Ko da ka ajiye masa ita a bakin rami ne. Eben bai taɓa faɗa ba, ba don girman kai ba, sai don kafin a zo nan shi ya riga ya kai rami na gaba.

Mako guda ina horar da shi a shagona. In ɗaga sanda in kuskure da gangan, in tsaya ina kallonsa.

"To, suruki, me za ka ce?"

"Sai in ce ka canza sana'a."

"Ka ji ka ko? Gidan kake so ko bakinka?"

"Laifina ne, ranka ya daɗe. Shi ke nan? In tafi?"

"Cire hular, ɗan nema. Kuma ka tsaya wuri ɗaya, ba tururuwa a wandonka."

Ranar Asabar rabin gari ya fito. Gaskiya Eben ya ba ni mamaki. Manjo ya jefa ƙwallo cikin yashi, Eben ya cire hula ya faɗa. Manjo ya jefa cikin ƙaya, Eben ya sake faɗa. Sau tara na ƙirga, har na fara hango labulen Elspet a tagar gidan nan. Sai dai ina ganin yatsun Eben suna murza bakin hular, gumi na bin wuyansa cikin wannan sanyi.

A rami na ƙarshe ya yi bugun da har yau ake labarinsa. Daga nesa, cikin iska, ya kawo ƙwallon ta tsaya taƙi ɗaya da rami. Saura Manjo ya ɗan taɓa ta kawai su ci wasan. Manjo ya zo ya tsuguna ya duba ta gabas, ya zagaya ya duba ta yamma. Ya tsince wata ciyawa. Ya gyara tsayuwa, ya fasa, ya goge hannu a riga, ya sake gyarawa. Kowa ya yi tsit. Na dubi Eben na ga ƙafarsa na rawa, hular tana hannu tun tuni, leɓensa na motsi.

"Laifina ne, ranka ya daɗe," in ji shi, da ƙarfi, tun Manjo bai taɓa ƙwallon ba.

Wani masunci ne ya fara fashewa da dariya, sai duk filin ya ɗauka. Manjo ya yi jajir. Ya buga, ta kuwa wuce ramin. Da ta shiga, wataƙila da an yafe.

An ba wani aikin. Ba wanda ya ƙara kiran Eben ya riƙe masa sanda a Kinlarrie, don ba mai son a yi dariyarsa. Na zage shi iya zagi, na kuma yi kuka a shago bayan ya fita, don na san ya yi iya ƙoƙarinsa. Da kaka ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Elspet ta haɗa masa kaya da hannunta, shi kuma bai ce ta biyo shi ba.

Wasiƙunsa gajeru ne, lafiya lau, a gaida kowa. Ba ma ko duba daga inda suka fito, don mun ɗauka kullum sabon gari ne. Sai da ya rasu wani fasto ya rubuto mana. Ya ce shekara goma sha ɗaya Eben ya yi yana kula da fili ɗaya, bai taɓa barin garin ba. Ya gina gida da hannunsa, da ɗakin da ya ce na matarsa ne, sai dai Eben ya ce ta riga ta faɗi maganarta, ba zai takura ta ba.

Ni na karanta wa Elspet, tana tsaye tana feraye dankali. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Yaya, sake karanta wurin shekarun."

Na sake.

"Sha ɗaya," ta ce. "Ai da ya tambaye ni ko sau ɗaya ne. Tun shekara ta biyu akwatina a ɗaure yake."