Moɗar da Na Saya wa Yaya

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk wanda ya taɓa kawo mini moto, wato babur, gyara a Sabon Gari ya san haka. 'Yan kabu-kabu masu haya da moto har tsokanata suke yi, wai kafin inji ya ɗau zafi ni na riga shi. Da wannan hali na tashi a gidanmu na Tibiri, da shi na zo Maraɗi koyon aiki, da shi kuma na shiga bin Almasihu, ina zaton ruwan baftisma zai wanke mini shi. Bai wanke ba.

Ranar da na je gida na faɗa wa yayana abin da na zama, mahaifinmu ya riga ya rasu, gida yana hannunsa. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari. Yaya bai yi ko ɗaya ba. Tashi ya yi ya shiga ciki, ya fito da wata tsohuwar moɗa, ya ɗaura mata jan ƙyalle a hannu, ya rataye ta a ƙusar zaure.

"Wagga taka ce," in ji shi. "In ka ji ƙishirwa, a zuba maka."

A gidan da aka haife ni, a gefen randar da na sha tun ina rarrafe. Na fizgo moɗar na buga da ƙasa, na taka ta, na ce masa ba zan sake taka gidan ba sai ranar da za a fid da gawarsa. Haka na faɗa, a gaban matarsa. Shekara tara muka yi ba mu gaisa ba, alhali tsakanin Maraɗi da Tibiri ba wata tafiya ba ce.

A cikin waɗannan shekaru na yi aure, na zama mai zuwa sujada a kan kari, har ana ba ni karatu a gaban jama'a. Kowace Asabar da la'asar ina hawa moto zuwa Jiratawa wurin wani dattijon ikilisiya, manomin zogale da tattasai, wanda ya ɗauke ni yana koya mini. Baba nake ce masa. Ba ya koyarwa a zaune. Sai ya miƙo maka hauya, kana buɗe wa ruwa hanya yana magana, kuma maganarsa ba ta da gishiri ko kaɗan.

Mu Kiristocin garin nan muna da wata al'ada. In Kirsimeti ta zo, ba ma yanka dabbarmu da hannunmu. Musulmi muke kira ya yanka, don maƙwabta su karɓi naman su ci da kwanciyar rai, kamar yadda su ma suke aiko mana da na layya. Nawa yankan wani tsohon mahauci ne na layinmu yake yi, sai Allah ya yi masa rasuwa da damina. Na ba Baba labari muna cikin tattasai, na ce ina neman wanda zai yanka mini akuya bana.

Bai ko ɗago kai ba. "Wuƙar yayanka ba ta da kaihi ne?"

Na ce, "Baba, ka san abin da ya yi mani."

"Na sani. Na kuma san abin da ka ce mishi." Ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Kai dai ranar hutu ka sake, daga Juma'a zuwa Lahadi. Bakinka shina nan inda ka baro shi. Wanda kake bi, da anka zage shi, ramawa ya yi? Ka tahi ka ba yayanka haƙuri kan maganar gawa. Kada ka ambaci moɗa. Moɗa tsakaninshi da Allah, magana tsakaninka da Allah."

Na ji haushinsa sosai. Na tashi moto ko sallamar kirki ban yi ba. Amma kwana uku maganar tana cina, har na ɗaure wa wani ɗan kabu-kabu birki a karkace, ya dawo ya yi mini tas. A rana ta huɗu na kama hanyar Tibiri.

Na iske Yaya a ƙofar gida kan tabarma yana gyaran igiya. Ya yi furfura, abin da ban shirya gani ba. Na yi sallama, ya amsa bai dube ni ba. Na durƙusa nesa da tabarmar. Ta ƙofar zaure ina hango ƙusar, moɗar tana nan rataye a lanƙwashe kamar yadda na taka ta. Wuyana ya ɗau zafi. Na danne, na ce na zo neman gafara kan maganar da na faɗa, na kuma roƙe shi ya zo ya yanka mini akuya ranar Kirsimeti.

Ya daɗe yana murza igiya. Sannan ya ce, "Na ji."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ruwa ma ba a kawo mini ba.

Ga abin da ban faɗa wa Baba ba. A hanyar dawowa na tsaya kasuwa na sayi sabuwar moɗa. Akwai shuɗiya, akwai fara, ja na zaɓa. Na ce wa matata ta ajiye wa Yaya, wai don girmamawa, kada ya ƙyamaci tamu. Ta dube ni, ta dubi moɗar, ta ajiye. Ita ta san labarin jan ƙyalle. Ni ma na san ba girmamawa ba ce. So nake ya zauna a gidana a miƙo masa tasa daban, ya ji abin da na ji.

Ranar Kirsimeti muka dawo daga sujada da hantsi, akuya tana ɗaure a gindin bishiyar bedi tana kuka. Matata ta riga ta jajjaga kayan miya. Gidajen 'yan'uwa na ikilisiya tuni ƙamshi ya tashi, namu murhu ko wuta ba a hura ba. Wani maƙwabcinmu Musulmi ya leƙo ya ce in ba kowa shi zai yanka, na ce a ɗan jira. Duk moton da ya shigo layi sai gabana ya faɗi. Aka kira azahar, aka idar. Matata ta ce, "Malam, yara sun hwara tambaya." Na daka mata tsawa, nan take na ji kunya.

Can sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya. Yaya ya sauko da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Bai zauna ba. Ya tambayi gabas, na nuna masa. Na kayar da akuyar, na danne ƙafafunta, shi ya kama kai. Kafaɗarsa tana gogar tawa, ina jin numfashinsa. Rabon da mu kusanci juna haka tun muna riƙe wa mahaifinmu ragon layya. Ya yi bisimilla ya yanka.

Ya wanke hannu da buta, ya zauna kan benci, ya ce a ba shi ruwan sha.

Na so in tashi in tare matata, amma ta riga ni. Ta fito da jar moɗar a hannu biyu, takardar shago ma ba a ɓare ba, ta durƙusa ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya dubi moɗar, ya dubi randarmu da ke can gefe da tamu tsohuwa kife a kan marfi, sannan ya dube ni. Karo na farko ke nan da ya dube ni cikin ido.

"Ramawa ka yi?"

Matata ta yi sauri ta ce, "Yaya, ni ce na ga kamar..."

Ga ƙofar tsira a buɗe. In na yi shiru, laifi ya zama nata, kuma ƙaramin laifi ne. Ga wata amsar kuma a bakina, shekara tara ina wasa ta kamar wuƙa, kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba. Tsoro ya kama ni, don na san in ta fita, Yaya zai naɗe wuƙarsa, kuma wannan karon maganar gawa za ta tabbata. Ban yi wata doguwar addu'a ba. A zuci na ce, Ubangiji, riƙe mini bakin nan.

Na ce, "Ba ita ba ce, Yaya. Ni na saye ta, ni na zaɓi ja. Ramawa na yi niyya. Ka gahwarce ni."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, a gaban matata, a gaban maƙwabcin da ya shigo taya fiɗa. Yaya ya sunkuyar da kai yana shafa gemu.

"Ka sake hali," in ji shi a hankali. "Da can kai ba ka iya wagga magana." Ya ɗago. "Kada ka ɗauka na yarda da hanyarka."

"Na sani, Yaya. Ni ma ban bar ta ba."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi da kansa ya nufi randa, ya ɗauki tsohuwar moɗarmu mai tsagaggen baki. Ya tsaya da ita a hannu har na zaci ajiyewa zai yi.

"Da wagga kake sha?"

Na ce e.

Ya ɗebo ya kafa kai, ya shanye. Ya sake ɗebowa, ya tako har inda nake durƙushe da jinin akuya a hannuna, ya miƙo mini.

"Amshi," ya ce. "Tun Tibiri kake jin ƙishirwa."