Salkar Di'o

Motata ta sake mutuwa a hanyar Kebbe, Baffa Garba yana gefena. Na buɗe bonet ina yi wa wayoyi kallon malamin da aka miƙa wa littafin Sinanci. A gareji lafiyarta ƙalau, sai a hanya take tsiyarta.

Baffa ya haura tasa'in, kuma ya yi wa wani Di'o, Baturen mulki, direba zamanin Turawa.

Ya ce, "Haka motar Di'on ta riƙa yi muna duk rangadi. In anka kai ta Sakkwato, a ce ba ta da komi. Yac ce ni ka satar mai in cika da ruwa. Yak kore ni gaban mutanen Tambuwal."

"To Baffa, me ke damun motar tasa?"

"Salkar ruwanshi. Shi ka sa a rataya ta gaban mota don ruwa ya yi sanyi. Tana ɗiga, iska na kai ɗigon ga wayoyi. Wanda yag gaje ni yag gano."

"Ya ba ka haƙuri?"

"Ya koma ƙasarsu. Ni ko har mata anka hana ni, wai ɓarawon mai."

Waya takan bushe, mota ta tashi. Sunan mutum kuwa, ku faɗa mini, wane gareji ake kai shi?