Aiken da ke Ƙirjin Jibirilu

A Salaga aka haifi Atikatu, kuma tun tana yarinya take taya gwaggonta toya ƙosai a bakin tasha. Ta auri Fatawu, mai fataucin tumaki, ta bi shi Yendi, daga baya suka koma Bawku don su kasance kusa da iyakar ƙasa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana jin harsuna huɗu, abin da kasuwa ta koya mata. 'Ya'ya biyu ta binne kafin Jibirilu ya zo.

Shekarar yunwa, 1983, ƙyanda ta kama shi yana da shekara biyu. Ƙurajen sun tafi, yaron bai tashi ba. Yau tari, gobe gudawa, bakinsa duk farin miki. Atikatu ta goya shi zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinsa.

Likitar, baƙuwa ce, ta zaunar da iyayen ta yi bayani a hankali da Turanci. A bayan ƙashin ƙirjin kowane yaro akwai wata 'yar tsoka mai suna taimos. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikinta suna fitar da sinadarai, su kuma sinadaran suna kai saƙo ga fararen ƙwayoyin jini, su koya musu yaƙi da cuta. Yunwa da ƙyanda sun sa ta Jibirilu ta ƙanƙance, saƙon ya daina fita. In an bar shi a gado, da madara da allura, tana iya farfaɗowa.

Mai fassarar ma'aikacin ɗakin yara ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya taƙaita duk wannan ya ce, "Likita ya ce matsala na aike ne. Aike a cikin ƙirji na yaro."

Atikatu ta ga fuskar mijinta ta canja. A gidan su Fatawu, in an ce aike, abu ɗaya ake nufi: mugun abin da maƙiyi ya turo. Tun a ƙofar asibiti ya fara lissafa waɗanda suka yi rigima da shi kan tumaki a Yendi. Ya ce tunda har na'urar Bature ta ga abin, ai magana ta ƙare, allura ba ta cire aike.

"Maigida, matar nan ta daɗe tana magana," in ji Atikatu. "Shi kuma kalma nawa ya faɗa? A sake tambaya mana."

"Kin fi shi jin Turanci ne?"

Ta so komawa wajen likitar ita kaɗai, amma ba ta da bakin da za ta yi tambaya da shi sai na mai fassarar nan.

Washegari suka ɗauke yaron, suka hau motar kaya zuwa Salaga, wajen wani mai magani da kawunta ya sani. Mutumin ya yi wa Jibirilu tsaga a ƙirji, ya shafa baƙin gari. Tsagar da jikin wani yaro zai warkar cikin mako, a nasa ta ruɓe. Zazzaɓi ya hau, wuyansa ya kumbura, ya daina karɓar ko ruwa.

A bayanta ya cika, suna tsaye a tasha tana roƙon direba ya kai su asibiti. Ta ji nauyinsa ya canja, ba ta kwance goyon ba sai da suka isa gidan kawunta.